Harshen Allo da Harshen Zaure: Tsokaci a kan Nunin Finafinan Faransanci a Bukukuwan Sinima na Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Mutumin da ya tashi daga Maƙera ta ƙasar Dutsin-Ma da sassafe, ya bi ta Kurfi ya shiga Katsina, sa'an nan ya miƙe ta Jibiya, in dai hanya lafiya kuma iyaka a buɗe take, to, kafin la'asar sakaliya yana cikin Maraɗi. A duk tsawon wannan tafiya ba zai nemi tafinta ba. Da Hausa zai yi cinikin mota, da ita zai sayi fura, in kuma ya je fada gaisuwa zai tarar sarkin garin ma Sarkin Katsina ake ce da shi, domin zuriyar sarakunan da suka bar Birnin Katsina ne bayan jihadi. Amma duk da wannan kusanci, in ka tsai da ɗalibin Hausa a ɗaya daga cikin manyan makarantunmu, ka ce ya kawo maka sunan fim guda wanda ɗan Nijar ya shirya, da wuya ka sami amsa. Shi kuwa wannan ɗalibi yana iya jero maka 'yan wasan Indiya ashirin bai numfasa ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta duba ɗaya daga cikin dalilan wannan rata, watau yadda ake nuna finafinan da ake kira "na Faransanci" a bukukuwan sinima da cibiyoyin al'adu na wannan yanki namu, da kuma irin zaman hira da liyafar da kan biyo bayan kallo. Abin da nake son in tabbatar shi ne, harshen da ke fita daga allo ba shi kaɗai ke yanke hukuncin ko fim na wane ne ba. Harshen da aka tattauna fim ɗin da shi bayan an kunna fitila, da irin mutanen da suka sami wurin zama a wajen tattaunawar, su ma suna da hannu a ciki. A ganina ma hannunsu ya fi tsawo.

Majigi da Cibiya

Kafin mu shiga sharhi, ya kamata mu ɗan waiwaya, domin Turawan Ingila da na Faransa ba ta ƙofa ɗaya suka shigo mana da hoto mai motsi ba. A ɓangarenmu na Nijeriya, abin da talaka ya fara sani shi ne majigi. Mota ce takan zo gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, bayan magariba a nuna hotunan tsabta da allurar rigakafi da noman auduga da gyaɗa. Ingila ta kafa hukuma ta musamman don irin waɗannan finafinai a 1939, kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta gaji aikin, har aka yi irin su Baban Larai wanda dattawa ke tunawa. Brian Larkin ya yi bayanin wannan tarihi a littafinsa na 2008 a kan Kano. Babu shakka farfagandar gwamnati ce. Sai dai masu majigi sun gane abu ɗaya, shi ne hoto ba ya yi wa kansa magana. Don haka kullum akwai mai sharhi a gefen allo, riƙe da lasifika, yana fassara wa jama'a da Hausa, yana ƙara gishiri inda ya ga dama.

A ƙasashen da Faransa ta mallaka kuwa, dokar Laval ta 1934 ta sa ba mai ɗaukar fim sai da izinin hukuma, wanda a aikace ya hana 'yan ƙasa taɓa kyamara har gab da samun 'yanci. Bayan 1960 sai al'amari ya juya. Ma'aikatar Haɗin Gwiwa ta Faransa ta buɗe ofishin sinima a 1963, tana taimaka wa 'yan Afirka da kuɗi da ɗakunan tace hoto a Paris, tana kuma sayen izinin nuna finafinan a cibiyoyinta na al'adu. A daidai wannan lokaci gidajen sinima na kuɗi, inda 'yan gari ke zuwa, suna hannun kamfanoni biyu, COMACICO da SECMA, waɗanda kasuwarsu ita ce kaboyi da Indiya. Sakamakon haka, fim ɗin ɗan Afirka ya zama ɗan cibiya. A can ake haihuwarsa, a can ake raɗa masa suna, daga can sai bukukuwan Turai. Ko Ousmane Sembène, da ya so yin Mandabi da harshen Wolof a 1968, sai da ya yi shi kashi biyu, ɗaya da Wolof ɗaya da Faransanci.

A cikin wannan tsari ne sinimar Nijar ta tashi, kuma ta tashi da wuri. Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniya, shi ya jawo mutane biyu da suka zama ginshiƙanta: Moustapha Alassane, wanda ya yi Aouré a 1962, da Oumarou Ganda, tsohon sojan Faransa wanda ya fito a fim ɗin Rouch mai suna Moi, un noir na 1958 kafin ya kama kyamara da kansa. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka biyar da suka halarci bikin farko na Wagadugu a 1969, wanda ya zama FESPACO. Da aka fara ba da babbar kyautar bikin a 1972, Ganda ne ya ɗauke ta da Le Wazzou polygame. Sai a 2007 ɗan Nijeriya, Newton Aduaka, ya sami wannan kyauta. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu rage alfahari.

Akwai wani fim na Alassane na 1966, Le Retour d'un aventurier, wanda ya dace da zancenmu. Wani saurayi ne ya komo daga Amurka da kayan kaboyi, ya rarraba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu da kwaikwayon abin da suka gani a allo. Watau fim ne a kan 'yan kallo, yana yi wa samarin gidajen COMACICO dariya cikin tausayi. Tambayar da ke damuna ita ce, su waɗannan samari, nawa ne daga cikinsu suka gan shi? Wa'azi ne aka shirya don 'yan kasuwa, aka je aka yi shi a ɗakin malamai.

Sarauniyar da ba ta Jin Hausa

Lakabin nan "fim ɗin Faransanci" yana rufe abubuwa iri-iri. Wani fim ɗin da Faransanci aka yi shi tun daga farko har ƙarshe. Wani kuwa da Zabarmanci ko Hausa ko Fulatanci ake magana a ciki, Faransanci rubutu ne kawai a gindin allo, amma saboda kuɗin da takardun na Faransa ne, sai a sa shi a wannan layi. Akwai kuma wanda labarin na Hausawa ne, amma Hausar ta ɓace a hanya. Mafi shaharar misalin wannan shi ne Sarraounia, kuma a kansa nake son in ɗan daɗe.

Asalin labarin tarihi ne. A 1899 wani ayarin sojan Faransa a ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa ta arewa yana ƙone garuruwa, ya yi mummunar ɓarna a Birnin Ƙonni. A watan Afrilu na wannan shekara ayarin ya gwabza da mutanen Lugu, wani gari na Azna a ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi, waɗanda Sarauniya Mangu ke jagoranta. A watan Yuli kuma Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb wanda aka aiko ya tsai da shi, kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe shi da Chanoine a wajen Maijirgi ta ƙasar Tasawa, arewa da mu kaɗan. Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba wanda ya sha gudun hijira, ya mai da labarin littafi da Faransanci a 1980. Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da littafin fim a 1986, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO da shi a 1987.

Ba na jayayya a kan ƙwarewar Hondo. Yadda ya cika faɗin allo da ayarin sojoji da 'yan dako da matan da aka kama, da yadda ya bar tsoron Sarauniya yana cin sojojin a hankali ko a wuraren da ba a nuna fuskarta ba, aiki ne na gwani. Amma an shirya ɗaukar fim ɗin a Nijar, shirin ya rushe, sai Burkina Faso ta zamanin Sankara ta karɓe shi. Da wurin ya sauya, sai baki ya sauya. Aï Keïta, wadda ta fito a matsayin Sarauniya, ba da Hausa ta yi magana ba; harsunan fim ɗin su ne Jula da Fulatanci da Faransanci. To, a duba abin da ya faru. Voulet yana zage-zagensa da harshen uwarsa, kowace kalma da nauyinta. Ita kuwa Mangu an ara mata baki. Ga mai kallo a Paris wannan ba kome ba ne, domin Jula da Hausa duk ɗaya ne a kunnensa. Amma Bahaushen Dogon Dutsi ko na Kurfi, in yana son ya ji abin da kakarsa ke faɗi, sai ya karanta shi da Faransanci, in ya iya.

Abin da aka yi hasara ya wuce ma'anar jimloli. Sarautar Lugu sarauta ce ta kirari da take da sunayen iskoki, kuma duk wanda ya nazarci bori ya san waɗannan ba su fassaruwa ba tare da sun zube ba. Har ila yau akwai wata hasarar da ta fi wannan. Fim ɗin ya nuna wasu sarakuna da malamai maƙwabta suna ƙyamar Sarauniya a kan ba Musulma ba ce, har suka ƙi kama mata a lokacin da Nasara ya zo. A zauren cibiya, inda ake magana da Faransanci, wannan ba ya ta da ƙura. Kowa ya yarda mulkin mallaka mugu ne, a tafa, a tashi. Amma a nuna wannan fim da Hausa a Katsina ko Sakkwato, a ga in za a tashi da wuri. Wani zai ce an yi wa Daular Usmaniyya ƙazafi, ya kawo Sarkin Musulmi Attahiru da Burmi a 1903 don shaida. Wani zai ce ai Azna ma 'yan ƙasa ne, kuma jininsu jini ne. Wannan gardama ita ce ainihin abin da fim ɗin ya cancanta, ita ce kuwa harshe ya hana shi.

Bari in ɗan ratse kan rubutu, tun da sana'armu ce. Mai karatu ya lura da sunayen nan: Sarraounia, Aouré, da Kokoa, wani fim ɗin Alassane na 'yan tsana masu kokawa. Sarauniya ce, da aure, da kokawa, aka sa musu rigar Faransanci. An yi taro a Bamako a 1966 a kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, an kuma yi wani a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, amma takardun bukukuwan sinima ba su ji labari ba. Ɗalibinmu yana iya ganin irin wannan suna a jerin finafinai ya wuce, bai san da shi ake ba.

Albasar Galmi

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne, 'yan baya sun gyara. Lalle sun gyara rabi. Sani Magori, mutumin Galmi wanda ya karanci aikin gona kafin ya shiga fim, ya yi wani fim na gaskiya a 2008 a kan wani manomin albasa wanda auren 'yarsa ya rataya a kan abin da gona za ta bayar da kuma farashin da zai tarar a kasuwa. Da Hausa ake magana, Hausar karkara mai daɗi, ba ta 'yan wasa ba. Bayan shi ya yi Koukan Kourcia, watau kukan kurciya, inda ya ɗauki wata tsohuwar zabiya wadda waƙoƙinta suka zuga samari zuwa ci-rani a da, ya kai ta har Abijan don ta yi waƙar da za ta komo da su gida, har da mahaifinsa. Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta yi Zinder a 2021 a kan samarin unguwar Kara-Kara, masu ɗaga ƙarfe da fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Nijeriya. Waɗannan finafinai ba su da buƙatar tafinta a ko'ina cikin Jihar Katsina. Manomin rani a bakin madatsar Zoɓe zai fahimci na Magori fiye da kowane alƙalin biki a Turai, domin ya san abin da ake nufi da albasa ta faɗi ranar da surukai suka matsa.

To, amma mene ne sunan fim ɗin albasar? Pour le meilleur et pour l'oignon. Wasa ne da kalmomin alkawarin aure na Turawa, inda ango da amarya kan yi alkawarin zama a daɗi da wuya, sai aka cire "wuya" aka sa "albasa". Bafaranshe zai yi murmushi tun kafin a fara. Mutanen da ke cikin fim ɗin kuwa, waɗanda waliyyai da goro ke ɗaura musu aure, ba su da rabo a wannan murmushi. Ban faɗi haka don in rage darajar Magori ba, domin kowa ya san inda kuɗin irin wannan aiki ke fitowa, kuma mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Abin da nake nunawa shi ne, sunan ya faɗi baƙon da aka share wa ɗaki.

Bayan an Kunna Fitila

Yanzu mu zo ga zaman da kan biyo bayan kallo, wanda masu sharhi ba su cika kula da shi ba. Al'adar cibiyoyin Faransa ce, kuma al'ada ce mai kyau, in an gama fim a zauna a yi muhawara, sau da yawa tare da wanda ya shirya shi. A bukukuwa kuma akan ƙara da liyafa.

Shekarun baya na halarci wani ɗan ƙaramin biki a wani gari na hayin iyaka, wanda ba sai na ambaci sunansa ba. Fim ne na Hausa a kan manoma, da rubutun Faransanci a ƙasa. Abin da na fara lura da shi shi ne dariya kashi biyu take zuwa. 'Yan bayan fili, masu ji da kunne, su ke fara yi. Sai bayan ɗan lokaci 'yan kujerun gaba, masu karatu, su biyo, wani lokaci ma ba su biyowa, domin habaicin bai tsallaka cikin rubutun ba. Da aka kunna fitila, mai gabatarwa ya buɗe muhawara da Faransanci. Ba wanda ya kori kowa. Amma kafin a gama tambaya ta biyu, masu dariyar farko sun kaɗe rigunansu sun fita, aka bar malaman makaranta da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da baƙi irina. An yi tambayoyi a kan talauci, da matsayin mata, da irin kyamarar da aka yi aiki da ita. Daga nan aka wuce liyafa, wadda sai da kati ake shiga.

Da na fito sai na tsaya wajen mai shayi a bakin ƙofa, na tarar a can ake ainihin sharhin. Wani yana cewa manomin cikin fim ɗin shi ya ja wa kansa, don ya ci bashi a hannun wanda zai saye amfanin. Wani yana cewa ƙarya ne a ce mace ta yi wa mijinta irin wannan magana a gaban baƙo, sai dai in kyamara ce ta sa. Wannan na biyun, ko ya sani ko bai sani ba, ya taɓo babbar matsalar fim na gaskiya, wadda masana suka cika littattafai a kanta tun zamanin Rouch. Mai fim ɗin bai ji ko ɗaya ba, yana ciki.

Kada a ɗauka wannan ƙorafi ne a kan lemo da nama. A wajen liyafar nan ne mai fim ke gamuwa da wanda zai ba shi kuɗin fim na gaba, da wanda zai gayyace shi wani biki. Mutum kuwa yakan koyi amsa irin tambayar da ake yi masa. In shekara goma ana tambayarsa da Faransanci a kan abin da ke damun masu ba da agaji, to, fim ɗinsa na gaba zai zo da amsar tun kafin a tambaya. Ta haka zaure ke komawa ya gyara allo. Ga kuma ƙananan abubuwa da ke tace mutane ba tare da an ce kome ba: a sa fim daidai lokacin magariba, ko a kawo abin sha wanda zai sa mai mutunci ya ƙi a gan shi a wurin, ko a manta cewa matan aure ba za su zauna a cakuɗe da maza da dare ba. Dama can sinima tana da tabo a idon Bahaushe, tun da aka gina gidajenta na farko a Kano a bayan ganuwa, kuma mun ga yadda aka janye shirin gina ƙauyen fim a Kano a 2016 saboda adawar malamai. Biki da bai yi la'akari da wannan ba ya zaɓi 'yan kallonsa tun bai buɗe ƙofa ba.

Abin takaicin shi ne Bahaushe ba baƙon zaman sharhi ba ne. Yana da dandali, yana da zaure, yana da majalisar ƙofar gida, samarin Nijar kuma suna da abin da suke kira fada, inda ake dafa shayi ana warware duniya. Ba a kallon dambe ko kokawa a tashi shiru. Wani biki na Yamai ma Toukountchi aka sa masa suna, watau tukuici, abin da akan ba wanda ya kawo saƙo. Sunan ya yi daidai, in dai an tuna cewa wanda aka kawo wa saƙon shi ke ba da tukuici. Waɗanda suka fi kusa da gane wannan su ne 'yan sinimar tafi-da-gidanka ta Cinéma Numérique Ambulant, wadda aka kafa a 2001, ta kuma yi aiki a ƙauyukan Nijar da Mali da Benin. Sukan kafa allo a fili, da mai sharhi wanda ke fassarawa yana kuma jan muhawara da harshen gari. Majigi ne ya komo da sabuwar riga, har da aibinsa na dā, domin sau da yawa fim ɗin faɗakarwa na mai ba da kuɗi yana biye.

Da Aka Sauya Suna

Abubuwa sun faru a 'yan shekarun nan waɗanda suka sa wannan zance ya wuce na ɗakin karatu. A watan Janairu na 2015 masu zanga-zanga a kan zanen jaridar Charlie Hebdo sun ƙone cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa sun fice a watan Disamba na shekarar. A watan Oktoba na 2024 aka cire sunan Jean Rouch daga cibiyar Yamai aka sa na Moustapha Alassane. A watan Maris na 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, ƙungiyar da a Yamai aka aza harsashinta ranar 20 ga Maris 1970, da hannun Shugaba Diori Hamani a ciki. Sabuwar dokar ƙasa ta wannan shekara kuma ta ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki.

Malamin Hausa ba zai ƙi jin daɗin wannan ba. Amma gaskiya ɗaya ce, sauya allon ƙofa ba ya sauya harshen zaure, kuma akwai abubuwa biyu da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Tsarin nan da na soka shi ne ya adana finafinan Ganda da Alassane har muke iya ganinsu yau. Mu da ba mu da irinsa, Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi da Hausa tsantsa a 1976, ya ɓace mana shekaru da dama, sai da aka gano shi aka gyara a Jamus, aka nuna a bikin Berlin a 2018. Finafinan Kano tun daga Turmin Danya na 1990 sun sami 'yan kallon da sinimar Nijar ba ta taɓa samu ba, amma nawa ne daga cikin na farko-farko za a iya samun kwafinsu mai kyau yanzu? Sa'an nan kuma Nijar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Ganda da Zabarmanci ya yi Cabascabo, kuma Zin'naariyâ! na Rahmatou Keïta na 2016 ya haɗa harsunan ƙasar fiye da ɗaya. In Hausa ta hau kujerar Faransanci ta yi wa Bazabarme da Babarbare da Buzu abin da aka yi mata, ba a yi kome ba.

A namu ɓangaren, an daɗe da kafa Alliance Française a Kano, kuma tun 2018 ana yin bikin KILAF a can don finafinan harsunan Afirka. Amma Kano ba ita ce ƙasar Hausa duka ba. Dutsin-Ma tana da jami'ar tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundi a kai. Nuna fim ɗin Magori a Maƙera ba ya buƙatar fiye da izinin mai shi, da farin bango, da janareta. Matsalar 'yan bindiga da ta addabi yankin a shekarun nan ta sa taron dare a fili ya yi wuya, don haka sai dai ajin makaranta da la'asar, a toshe tagogi, a ware wa mata nasu lokaci. Sharaɗin kawai shi ne a yi muhawarar da Hausa, manoma su fara magana kafin malamai, kuma wani ya rubuta abin da suka ce a aika wa mai fim.

Sarraounia kuwa sai an sa mata murya. Rubutu a gindin allo, ko da na Hausa ne, ya ware wanda bai yi boko ba. Fasahar sa murya kuma ba baƙuwa ba ce, tun da masu fassara finafinan Indiya a Kano, irin su Algaita, sun mai da ita sana'a. Wahalar da ke ciki ta masana harshe ce, ita ce wace Hausa za a sa a bakin Mangu. In aka ba ta daidaitacciyar Hausa ta rediyo, an sake ara mata baki, sai dai wannan karon daga Kano. Mutanen Lugu Arewanci suke yi, ɗaya daga cikin karorin yamma, inda ba a cewa "ne" da "ce" sai "na" da "ta". Mai fassarar da zai yi wannan aiki sai ya je Dogon Dutsi ya zauna ya saurari tsofaffin mata, domin in Voulet ya aiko yana tambayar wace ce Sarauniya, ba "ni ce" za ta ce ba, "ni ta" za ta ce.